Idan kumburi kariya ne, me ya sa muke danne shi da magani?

Hauwa_Aboabo
Assalamu alaikum yayye da ƙanne. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a nan Kumasi, jarrabawa kuma ta matso. Malamarmu ta ce kumburi ba cuta ba ne, hanya ce da jiki ke kare kansa. To na ji. Amma da muka fita aikin koyo, duk wanda ya zo da targaɗe ko gwiwa ta hau, diklofenak ake rubuta masa, a ce ya je ya ɗora ƙanƙara. Ke nan jiki na aikinsa mu kuma muna hana shi? Sannan a zango, da wuri ya hau ya yi zafi sai a ruga kantin magani a sayo amoksisilin. Shin duk kumburi na nufin ƙwayar cuta ta shiga? Don Allah wanda ya gane ya warware mini.

DanAsawase
Wa alaikumus salam. Haddace alamomi biyar ki wuce wurin, su za a tambaya: ja, ɗumi, hawan wurin, ciwo, da kasa amfani da gaɓar. Huɗun farko Selsus mutumin Rum ya rubuta su tun ƙarni na 1 miladiyya, ta biyar daga baya aka ƙara.

Sadik_KNUST
DanAsawase, haddar nan ce ke kayar da mutane. Da an juya tambayar sai ka ga mutum yana cizon biro.

Hauwa, a ce ƙusa ta soki mutum a ƙafa. A cikin nama, kusa da ƙananan jijiyoyin jini, akwai ƙwayoyin halitta da ake kira mast. Da an ji rauni sai su saki histamin, wurin kuma ya fara samar da furostagilandin da biradikinin. Waɗannan ne ke sa jijiyoyin su buɗe, jini ya kwararo da yawa, shi ya sa wurin ke yin ja da ɗumi. Bangon jijiyar ma sai ya saki, ruwa mai furotin ya tsiyayo cikin nama, wurin ya hau. Ciwon kuwa daga matsin ruwan nan ne, da kuma biradikinin da furostagilandin da ke tsokanar jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Kin ga alamomin duk tushensu ɗaya.

Ruwan ba a banza ya fito ba, yana ɗauke da antibodi, wato furotin da ke manne wa ƙwayar cuta, da kuma furotin mai daskarar da jini, don a killace wurin. A bayansa fararen ƙwayoyin jini ke biyowa. Niyutirofil ne suka fi yawa a awa 6 zuwa 24 na farko: su manne a bangon jijiya, su kutsa ta tsakani, su bi sawun sinadaran har inda abin yake. Daga awa 24 zuwa 48 sai monosait su karɓa, su zama makurofaj, su haɗiye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, su share fage don gyara. Mugunyar da kike gani a maruru, yawancinta niyutirofil ne da suka mutu a bakin aiki.

Tambayarki ta biyu: a'a. Targaɗe, ƙuna, asma, duk kumburi ne ba tare da bakteriya ba. Amoksisilin ba abin da zai yi wa targaɗe sai ɓarnar sidi.

Ummi_Tafo
Sadik Allah ya ƙara basira. Na kwafe.

Anti_Rabi
Bayanin Sadik daidai ne, amma bari in tsaya a kan "ja" ɗin nan, don a nan ne littafi da gadon asibiti ke rabuwa. Hotunan da ke cikin yawancin littattafanku na farar fata ne. 'Yata Hauwa, idan kina jiran ki ga ja a hannun baƙar mace 'yar Aboabo kafin ki ce wurin kanula, wato robar ƙarin ruwa da ake sa wa a jijiya, ya kumbura, za ki jira har jijiyar ta zama igiya. A fatarmu wurin duhu yake ƙarawa, wani lokaci ya yi kamar shuɗi-shuɗi, ya ɗame yana sheƙi. Hannu ne idonki. Ki sa bayan hannunki ki ji ɗumin, ki taɓa ɗaya hannun nata ki gwada, ki bi jijiyar da yatsa ki ji ko ta yi tauri, ki kalli fuskarta lokacin da kike tura ruwa. Idan ta yamutsa fuska, kada ki ce raki ne.

Haka gyambon kwanciya yake. Ana koya muku cewa matakin farko ja ne da ba ya ɓacewa idan an danna. A bayan tsohon da ya daɗe a kwance ba za ki ga wannan ba, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri, ko laushi. Ki duba da haske mai kyau, ba da fitilar waya da ta kusa mutuwa ba.

Hauwa_Aboabo
Na gode Anti. Wannan ba a taɓa faɗa mana haka a aji ba. Amma har yanzu maganar diklofenak na nan.

Nas_Ibrahim
Ƙanwata, kin taɓa ganin gobarar kasuwa bayan 'yan kwana-kwana sun tafi? Wuta ta mutu, amma atamfar da ba ta ƙone ba ruwa ya lalata ta. Kumburi ke nan. Sinadaran da niyutirofil ke kashe bakteriya da su ba su san naman mai su ba. Idan aikin ya wuce kima, ko ya ƙi tsayawa, ko ya tashi inda babu abokin gaba, to ya zama matsala da kansa. Kuma akwai wurin da ba ya jure hawa ko kaɗan: maƙogwaro, hanyar numfashi, cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa a wasu nau'o'in sanƙarau ake haɗa deksametazon da maganin kashe ƙwayar cutar.

Diklofenak da ibufurofen da asfirin suna toshe sinadarin COX ne, wanda ke ƙera furostagilandin. John Vane ne ya gano haka game da asfirin a 1971, ya samu lambar Nobel a 1982. Ba kashe garkuwar jiki suke yi ba, rage ciwo da hawan suke yi don mutum ya samu barci ya iya taka ƙafa. Matsalar ita ce furostagilandin ɗin nan shi ne ke kare bangon ciki, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Sai ki ga ɗan dako ko mai tuƙa keke mai ƙafa uku na Pragya yana sha kullum da safe kafin ya karya, wata da watanni, daga nan sai baƙin bayan gida ko aman jini.

DanAsawase
Mai ciki ma ba a ba ta diklofenak, musamman watannin ƙarshe. Wannan ya fito a tambayoyin baya.

Maman_Sikila
Ni ba nas ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a nan saboda ɗana. Tambaya nake: me ya sa a asibitin sikila suke cewa da ya yi zazzaɓi in kawo shi ko da tsakar dare, alhali yayarsa idan ta yi farasitamol kawai nake ba ta? Kuma me ya sa yake shan fenisilin kullum ba shi da lafiya ko yana da ita?

Sadik_KNUST
Hajiya, saboda saifa ne. Saifa ce ke tace jini ta kama wasu bakteriya masu kwanso, irin wadda ke kawo ciwon huhu da sanƙarau. A yaro mai sikila, jajayen ƙwayoyin da suka lanƙwashe suna toshe jijiyoyin saifa tun yana ƙarami, har ta daina aiki yadda ya kamata. To bakteriyar da jikin yayarsa zai gama da ita, shi tana iya mamaye jininsa cikin awoyi. Fenisilin ɗin da alluran rigakafi su ne ke cike gurbin. Kuma a Gana, a nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai sabbin haihuwa a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, don a gano su a fara kare su tun kafin cutar ta nuna. Kusan 2 cikin 100 na jariran Gana da ita ake haifarsu.

Anti_Rabi
Hajiya, ki riƙe ma'aunin zafi a gida. Ya kai 38, ki ɗauko shi, kada ki jira gari ya waye. Allah ya ba shi lafiya.

Maman_Sikila
Amin Anti, na gode.

Baba_Alabar
Ku yara kuna ta kiran sunaye masu karya harshe. Mu da muka tashi, idan maruru ya fito sai a gasa shi da tsumma da ruwan ɗumi har ya nuna, wanzami ya yi sakiya, a huta. Yanzu ku kun ce ƙanƙara. Wanne ne gaskiya?

Nas_Ibrahim
Baba, Allah ya ƙara girma, ku ma kuna da gaskiya a nan. Maruru da targaɗe ba ɗaya ba ne. Ɗumi yana ƙara kawo jini, maruru ya tattaru ya yi baki. Kuma mugunyar da ta taru sai an fitar da ita, magani ba ya shiga cikinta sosai, mu ma a asibiti tsagawa muke yi. Inda muka rabu da wanzami shi ne askar da ba a dafa ba, da matse marurun da ke tsakanin hanci da leɓe, da kuma mai ciwon suga. Mai suga kam ko ƙaramin ƙurji a ƙafa ba na gida ba ne, don yawan suga na raunana niyutirofil, ga shi jijiyoyin ƙafar sun mutu ba ya jin zafi.

Ummi_Tafo
To kaluluwa fa? Ciwo a yatsan ƙafa, amma matsematsi ne ke hawa.

Sadik_KNUST
Nan ne sashe na biyu na garkuwar ke farawa, Ummi. Abin da na faɗa a sama sashen da aka haifi mutum da shi ne, yana da sauri amma ba ya tantance wa ya shigo, kuma ba ya tunawa. Ruwan da ya taru a wurin ciwo yana bin hanyoyin limf zuwa ƙulli mafi kusa, ɗauke da gutsattsarin ƙwayar cutar. A cikin ƙullin ake nuna su ga limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Waɗanda suka dace da ita sai su yi ta hayayyafa, ƙullin ya hau, ki ji kaluluwa. Limfosait B ne ke ƙera antibodi, T kuma wasu na ba da umarni, wasu na kashe ƙwayar halittar da bairas ya shiga. Karon farko abin na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, antibodi nau'in IgM ya fara fitowa sannan nau'in IgG. Karo na biyu cikin 'yan kwanaki, don an bar masu tunawa. Rigakafi a kan wannan aka gina shi. HIV kuwa masu ba da umarnin yake ci, wato CD4. A mai lafiya suna tsakanin 500 da 1,500, idan suka sauka ƙasa da 200 cututtukan da ba sa iya taɓa mai lafiya sai su samu ƙofa.

Ungozoma_Sawaba
Tunda an zo rigakafi. Ɗalibai, ku riƙa gaya wa uwa tun ranar da aka yi BCG, allurar rigakafin tarin fuka, cewa bayan 'yan makonni wurin zai yi ƙurji, ya fashe, ya bar tabo, kuma haka ake so. Kada ta matsa, kada ta shafa man kaɗanya ko toka. Idan ba ku faɗa ba, kakar yaro ce za ta fassara mata, kuma ba za ku sake ganinta a awo ba.

Sai dakashi. Har yau akwai gidan da ake matse shi a zubar wai ƙazanta ne. Shi ne mafi cika da antibodi nau'in IgA, mai shafe hanjin jariri. IgG kuma ta mabiyiya yake samu tun yana ciki, ya riƙe shi watannin farko. Shi ya sa allurar ƙyanda sai wata 9, don idan aka yi da wuri antibodin uwa na iya hana ta kamawa. Sannan a maimaita a wata 18.

Nima_Boy
Gaisuwa daga Nima. Ku mutanen Kumasi ko barci ba ku yi ne? Ni tambayata zazzaɓi. Idan shi ma kariya ne, me ya sa da an ga 38 sai a ruga da farasitamol da tsumma?

Malam_Lab
Zazzaɓi kumburi ne da ya game jiki. Makurofaj na sakin sinadaran saƙo masu suna IL-1 da IL-6 da TNF, su sa a ƙera furostagilandin a ƙwaƙwalwa, wurin da ke daidaita zafin jiki ya ɗaga ma'auni. Shi ya sa mutum ke rawar ɗari yana neman bargo alhali jikinsa kamar wuta. IL-6 ɗin ne kuma ke sa hanta ta ƙera furotin CRP da kuke aiko mana jini mu auna. Yana fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen awa 48. Amma CRP ba ya gaya muku dalili, cewa kawai yake akwai kumburi a wani wuri.

Wani abu kuma da nake so ɗalibai su sani. Littafi ya ce fararen ƙwayoyin jini 4,000 zuwa 11,000. Mutanen Afirka ta Yamma da yawa niyutirofil ɗinsu a ƙasa yake tun haihuwa, lafiyarsu lau, abin gado ne mai alaƙa da rukunin jini na Duffy. Don haka ɗan ƙasa kaɗan ba lalle cuta ba ne, kuma adadin da ya faɗo cikin iyaka ba ya wanke majiyyacin da kuka ga yana jin jiki.

Anti_Rabi
Nima_Boy, yaron muke jinya, ba ma'aunin zafi ba. Idan yana wasa yana shan nono, ba dole ka bi lambar da magani ba. Idan ya galabaita ya ƙi sha, ka ba shi don ya samu sauƙi. Abin da ba na yafewa shi ne a sauke zazzaɓi a manta da neman dalilinsa. A ƙasar nan zazzaɓi sai an yi gwajin maleriya. Ruwan sanyi kuma ba a yi wa yaro, rawar ɗari zai ƙara. Asfirin ma ba na yara ba ne.

Nima_Boy
Amma Anti, iyaye tsoron jijjiga suke yi.

Ungozoma_Sawaba
Suna da hujjar tsoro, amma farasitamol ba a nuna yana hana jijjigar zazzaɓi ba. Ni abin da ya fi ba ni tsoro jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi sanyi ƙasa da 35.5 ya ƙi kama nono. Wannan ya fi mai zafin haɗari a wurina, don uwa ba ta ganin abin gudu.

Fati_Agogo
Ina karantawa tun ɗazu. Hauwa, juya tambayarki: akwai ƙwayar cuta ba tare da alamun kumburi ba? Ku zo yankinmu ku ga gyambon Buruli. Yana farawa kamar ƙullutu a hannu ko ƙafa, ba zafi, ba zazzaɓi, yaro na zuwa makaranta abinsa. Bakteriyar dangin ta tarin fuka ce, tana fitar da dafi mai suna maikolakton, wanda ke kashe nama, ya danne fararen ƙwayoyin jini, ya kuma kashe jin ciwo. Tunda ba ya ciwo ba a zuwa asibiti, sai fata ta buɗe ta yi faɗi. Ga shi maganin na sha ne, rifamfisin da kilaritiromaisin na mako 8. Abin mamaki, bayan an fara magani wani lokaci wurin sai ya ƙara hawa ya fara ciwo, iyaye su ce maganin bai karɓe shi ba. Alhali dafin ne ya ragu, garkuwar ta farka. Wanda ya ga Buruli ba zai sake raina ciwo da kumburi ba.

Sadik_KNUST
Wannan misalin ya fi duk abin da na rubuta, Sista Fati.

Zee_Yelwa
Ba Buruli kaɗai ke danne garkuwa ba, mu ma muna danne ta da kuɗinmu. 'Yan mata na shan deksa, wato deksametazon, don su yi ƙiba kafin biki, ga mayukan bilicin masu sitiroyid. Fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa, makero ya bazu. Idan irin wannan ta kwanta, alamomin DanAsawase biyar ɗin ba lalle ku gansu ba. Ku riƙa tambaya a keɓe, ba a gaban uwar miji ba. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata rana ɗaya.

DanAsawase
Yau kam alamomina sun sha duka.

Nas_Ibrahim
Ba su gama sha ba. Akwai wani tsoho da aka taɓa kawo mana, 'ya'yansa suka ce tun jiya yake sambatu, sun ɗauka tsufa ne ko iska. Jikinsa ba zafi ko kaɗan. Ɗalibar da ke tare da ni ce ta tsaya ta ƙirga numfashinsa da agogo, ta samu ya haura 22, lambar sama ta awon jininsa ta sauka ƙasa da 100. Ciwon fitsari ne ya shiga jini. Sefsis ke nan: abin da Sadik ya bayyana a wurin ƙusa, sai ya faru a jiki duka lokaci ɗaya. Jijiyoyi su buɗe ko'ina, ruwa ya tsiyaye, jini ya faɗi, ƙoda ta daina fitsari. Numfashi shi ne awon da aka fi rubutawa da ka ba tare da an ƙirga ba, kuma shi ne ke fara canzawa. Ku ƙirga minti guda cur.

Ummi_Tafo
Borin jini bayan allura fa, shi ma nan ya faɗo?

Anti_Rabi
Nan ya faɗo, antibodi nau'in IgE da ƙwayoyin mast ne. Idan ƙaiƙayi ne kawai da sauƙi. Idan leɓe ya hau, murya ta shaƙe, numfashi na ƙara kamar ana busa usur, to allurar adirenalin a cinya nan take, 0.5 mg ga babba, sannan ki kira taimako. Kada ki tsaya neman maganin ƙaiƙayi.

Hauwa_Aboabo
Allah ya saka wa kowa. Na gane maganar amoksisilin, na gane ta diklofenak. Ƙanƙarar ce har yanzu. Ƙanena ya gurɗe a wajen ƙwallo, in ɗora ko kada in ɗora?

Nas_Ibrahim
Ki ɗora a kwana biyun farko, minti 15 zuwa 20, a naɗe cikin tsumma, ya ɗaga ƙafar sama. Ruwan leda mai ƙanƙara ya isa, idan dumso, wato ɗauke wuta, ya bar muku firij.

Sadik_KNUST
Yaya Ibrahim, a nan zan ɗan ja da kai. Dakta Gabe Mirkin da ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa daga baya ya ce ƙanƙara na iya jinkirta warkewa, don makurofaj ɗin da ake hana zuwa su ne masu gyara. Tana rage ciwo, wannan ba musu. Amma cewa tana saurin warkarwa, ba a tabbatar ba.

Nas_Ibrahim
Yaron da ke kuka da dare rage ciwon yake nema. Kuma Hauwa, a takardar jarrabawa abin da malamarku ta koyar za ki rubuta, ba abin da Sadik ya karanto ba.

Baba_Alabar
Ku kai shi wurin mai ɗori a ja ƙafar kawai.

Anti_Rabi
Baba, a yi haƙuri, ban da ja. Hauwa, yana iya taka ƙafar taku huɗu? Ki danna ƙashin idon sawun ta baya, ciki da waje. Idan ya zabura ko ya kasa takawa, hoto za a yi kafin a yi maganar ƙanƙara.

Hauwa_Aboabo
Yana takawa amma da ɗingishi. Bari ya dawo daga Islamiyya in danna in gani.

Nima_Boy
Wa ke da tambayoyin baya na Hukumar Nas da Ungozoma a kan wannan babin? A turo, mu na Ankara ma muna ciki.